Gargaɗi Bisa Keta Hurumin Daji Domin Hanyar Jirgi

Da sunan Allah muke farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, ku sani na rubuta takardan nan domin raddi ga masu cewa duk inda aka shimfiɗa hanyar jirgi alheri ya sauka, ko da a tsakiyar hurumi ne. Ba ni inkarin amfanin jirgin ƙasa, gama tun da ya iso Kano a 1911 aka ga abin da ya yi wa cinikin gyaɗa. Abin da nake inkari shi ne mai mulki ya keɓe daji da doka, sa'an nan ya keta dokar da hannunsa.

Ga misali daga ƙasar Meziko. A 2020 shugabanta Lopez Obrador ya soma hanyar da ake kira Jirgin Maya, tsawonta kilomita 1,554, ta kewaye yankin Yukatan, ta ratsa ta Kalakmul, dajin da aka hurunta tun 1989, mazaunin damisa da birai. Ya yi alkawari ba za a sare ko itace ɗaya ba. Daga baya hukumarsa da kanta ta yi iƙirarin an sare sama da miliyan 7. Ku auna tsakanin ɗaya da miliyan 7, ku ga nauyin alkawarin masu mulki.

Hujja ta biyu ruwa ne. Arewacin Yukatan ba shi da koguna a bisa ƙasa, ruwan shan mutane yana gudana a cikin kogunan dutse na ƙarƙashi. A 2022 aka kawar da wani yanki na hanyar daga gefen titi aka kai shi cikin daji, bayan masu masaukin baƙi sun koka, aka kafa dubban ginshiƙan ƙarfe da siminti a cikin waɗannan koguna. Alƙali ya tsai da aikin saboda ba a gama binciken ɓarnarsa ba, sai hukuma ta ce al'amarin tsaron ƙasa ne, ta ci gaba. An kiyaye ƙofar attajiri, an huda rijiyar talaka.

Hujja ta uku dukiya ce. An ƙaddara aikin bisa feso biliyan 150 ko ƙasa da haka, ya ci fiye da biliyan 500. Da jirgin ya yi tafiya a 2024, abin da ya samu bai kai rubu'in ɗawainiyarsa ba, baitulmali ya cika sauran. Wane ɗan kasuwa ne zai sayar da gonarsa ya sayi jakin da kullum sai ya ci bashi ya ciyar da shi?

In wani ya ce, ai maslahar jama'a ce, kuma an dasa waɗansu itatuwa madadinsu, sai in ce masa: malaman fiƙihu sun gabatar da tunkuɗe ɓarna bisa jawo amfani, balle amfanin da ake zato da ɓarnar da ta tabbata. Dashen bana kuwa ba ya maye kukar da ta shekara ɗari. Hanya tana iya karkata, ta bi gefen titin da ya riga ya wanzu. Daji ba ya iya tashi ya ba ta wuri.

To, ya ku masu karantarwa, ku sanar da almajiranku hurumi amana ce ta waɗanda ba a haifa ba tukuna. Duk wanda ya zo da zancen hanya a cikinsa, a tambaye shi abu uku kafin gatari ya taɓa itace: ina lissafin kuɗi, ina binciken ɓarna, ina wata hanyar da aka gwada? In ya kasa amsawa, a ƙi shi a fili, ba da jin nauyi ba.

Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon binta. Tammat.