Wakilin magada ba shi ne mai dukiya ba

Jama'a, akwai maganar da muke yi a zaure amma muke jin nauyin faɗinta a fili. Idan maigida ya rasu, dangi kan taru su naɗa wakili, galibi baffa ko babban ɗa, alƙali ya tabbatar da takardar. Da ita yake karɓar kuɗin banki da hayar shago. Sai a share shekaru ba rabo, ba lissafi. Wata rana sai mu ji an sayar da fili a banza, kuma surukinsa ne ya saya. Marayu kuwa ko kuɗin makaranta ya gagara.

In gwauruwa ko ƴaƴa mata suka tambaya, sai a ce ba su da kunya. A'a, neman lissafi haƙƙinsu ne. Addini ya tsara: a biya bashi, a fitar da wasiyya kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku, sannan a raba. Amana ce aka ba wakili, kuma bai kamata mai sayarwa ya zama shi ne mai saye ba.

Wanda yake da shakka ya nemi a rubuta dukiyar gaba ɗaya gaban shaidu, da takardun filaye. In wakili ya ƙi, a je wajen mai unguwa ko sarki don sasanci. In bai yiwu ba, a kai gaban alƙali, a nemi a canza shi. Shirunmu ne ke cinye haƙƙin maraya. Allah ya sa mu gyara.