Batir Ma Rumbu Ne, A Naɗa Masa Mai Kula

 

Cikin 'yan shekarun nan ƙungiyoyinmu da yawa sun sayi batir da inbata, waɗansu har da farantin sola, domin su sami wuta a ofishin ƙungiya sa'ad da ta gwamnati ta ɗauke. Wannan abu ne mai kyau. Amma in muka zaga ƙauyuka, abin da mukan tarar shi ne kafin a yi kaka biyu batir ya mutu, inbata tana kwance cikin ƙura, jama'a kuwa suna cewa mai kanti ya cuce su. Wani lokaci gaskiya ne. Yawanci dai batir ba ya mutuwa da kansa, kashe shi ake yi, don kowa yana ɗiba, ba mai awo, ba mai kula. Ra'ayinmu shi ne kada wata ƙungiya ta fitar da ko kwabo don sayen batir sai ta shirya abu uku tukuna: lissafi, mai kula, da asusu.

Ba mu ce a bar sayen ba. Mun tuna farkon shekarar 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace, wanda ba shi da caji a waya bai iya saye ko sayarwa ba. A ranar 29 ga Mayu na shekarar aka janye tallafin man fetur, janareta ya zama abin da ƙaramar ƙungiya ba ta iya ciyarwa kullum. A watan Oktoba na 2024 kuma manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Yau farashin hatsi, kiran mai mota, hasashen damina na hukumar NiMet, da lissafin bashin taki, duk ta waya da rediyo da kwamfuta suke bi. Ƙungiyar da ba ta da ajiyar wuta tana iya rasa kasuwa saboda waya ta mutu.

Lissafi Kafin Saye

Batir ba ya haifar da wuta. Ajiya kawai yake yi, kamar rumbu. Abin da aka zuba shi za a ɗiba, har ma da ɗan ragi. Mudun awon wutar nan shi ne wat-awa, wato ƙarfin na'ura a wat sau yawan awoyin da ta yi tana aiki. Kowace na'ura an rubuta wat ɗinta a jikinta ko a jikin cajarta.

Ga misalin ofishin ƙungiya. Ƙwan fitila huɗu irin na LED, kowanne wat 5, awa huɗu, sun ci 80. Wayoyin hannu goma, kowace kamar 15, sun ci 150. Kwamfutar magatakarda mai wat 50, awa uku, ta ci 150. Rediyo mai wat 5, awa huɗu, ya ci 20. Jimla 400 ke nan. Inbata, wadda ke juya wutar batir ta bolt 12 ta zama irin ta gida mai bolt 230, ita ma tana cin ladanta, saboda haka mu ce 500 a yini.

Batirin da aka rubuta 12V 100Ah a jikinsa yana ɗaukar 12 sau 100, wato 1,200. To, a nan ne mutane suke ruɗuwa. Batirin dalma ba ya son a kwashe shi ƙarƙaf. Rabi ne namu, rabi nasa ne, kamar yadda manomi mai hankali ba ya taɓa iri ko da yunwa ta matsa. Saboda haka 600 ne abin ɗiba, ya isa aikin yini guda da ɗan saura. Don a mayar da abin da aka ɗiba, farantin sola mai wat 200 zai yi, gama rana mai ƙarfi wajen awa biyar take yi, zafi da ƙura kuma suna rage abin da farantin ke bayarwa, balle cikin hadarin Agusta da hazon hunturu.

Yanzu ku dubi dutsen guga. Wat 1,000 yake ci. Rabin awa kawai na guga ya cinye abincin yini ɗaya na ofishin nan duka. Haka hita da tukunyar lantarki. Wanda ya jona su a batirin ƙungiya ya ci haƙƙin 'yan'uwansa, ko ya sani ko bai sani ba.

Wajen saye kuma a lura. Batirin mota an yi shi don ya ba da wuta mai yawa na ɗan lokaci ya tada inji, ba ya jure a riƙa jansa dare da rana. A nemi irin wanda aka yi domin inbata da sola. Ƙaramar na'urar nan da ake kira UPS, batirin cikinta yawanci 12V 7Ah ne, aikinta ta riƙe kwamfuta na 'yan mintoci don a adana rubutu a kashe, ba za ta kwana da fitila ba. Akwai batirin litiyam, wanda ya fi daɗewa nesa, ana kuma iya ɗibar yawancin abin da ke cikinsa, sai dai kuɗinsa na farko ya fi yawa. Ƙungiyar da ke da hali ta saye shi a wurin da za a ba ta rasit da garanti. Araha ba ta ado.

Haɗawa

A sa batir a ɗaki mai iska da inuwa, bisa katako inda ruwa ba zai kai ba. Zafi maƙiyinsa ne. Masana sun ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri 10 a kan digiri 25 yana rage kwanan batirin dalma da kamar rabi, mu kuwa a watan Maris da Afrilu wurare da yawa zafi yakan wuce 40. Ɗakin kwano marar taga ba wurinsa ba ne. Kada a sa shi inda ake kwana, kada a kusance shi da ashana, aci-bal-bal ko taba, domin in yana shan caji yakan fitar da iska mai kama wuta.

Wayar da ke tsakanin batir da inbata ta zama mai kauri, gajera. Siririyar waya takan yi zafi har ta narke. A sa fis kusa da kan batir mai alamar tarawa, inda jar waya take. A fara haɗa batir da kwantirola, wato na'urar da ke daidaita caji, sa'an nan a jona farantin sola. In za a kwance, farantin ake fara cirewa. Farantin ya fuskanci kudu, a ɗan karkace shi don ruwan sama ya wanke shi, kada inuwar itace ta faɗa masa. Kada a gama sabon batir da tsoho, tsohon zai ja sabon ƙasa. Mai ɗaure kan batir ya cire zobe da agogo. In kuwa ana so a shigar da wutar inbata cikin wayoyin gini, wannan aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne, sai ya sa makunnin sauya layi. In ba haka ba wutarmu tana iya komawa kan layin waje ta kashe ma'aikacin da ke bisa falwaya.

Mai Kula Da Littafinsa

Ba wanda ke barin rumbunsa a buɗe ya ce kowa ya ɗiba yadda ya ga dama. Haka batir. A zaɓi mutum ɗaya mai aminci, namiji ko mace, da mataimaki, a ba shi makulli, littafi, da ƙaramar mitar awon bolt. Kowace safiya kafin rana ta hau, bayan batir ya huta ba a jan kome, ya auna ya rubuta. In batirin dalma ya nuna 12.6 ko fiye, ya cika. In 12.2 ne, ya kai wajen rabi, sai a dakata. In ya sauka ƙasa da 12, yana cikin yunwa, kada a jona kome sai ya ƙoshi. Batirin da aka bari a fanko kwana da kwanaki, wani farin gishiri yakan daskare a farantan cikinsa, daga nan ba zai ƙara riƙe caji kamar da ba.

Sau ɗaya a wata a duba ruwan batir mai murafu. A nan a yi hankali, don abu biyu ake kira ruwan batir a kasuwa: akwai asid, akwai tataccen ruwa. Tataccen ruwa kaɗai ake ƙarawa, har ya rufe farantan. Ba asid ba, ba ruwan rijiya ba, ba na leda ba. In kan batir ya yi fari ko kore, a kwance shi a wanke da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, a kula kada ya shiga ciki, a shanya, a ɗaure tam, a shafa giris. Farantin sola a goge shi da tsumma mai laushi da sassafe, da hunturu ko sau biyu a mako.

In Abu Ya Ɓaci

Kafin a ɗauki kaya zuwa birni, mai kula ya bi waɗannan. In inbata ta ƙi tashi, ya duba fis da kan batir, sau da yawa sassauci ne kawai. In tana kuka tana ɗaukewa, ko kaya sun yi mata yawa ko batir ya yi ƙasa, ya cire kome ya riƙa mayarwa ɗaya ɗaya har ya gane mai laifin. In rana ta yi amma batir bai cika ba, ya duba ƙura, inuwa, da wayar da ɓera ya ci. In batir yana cika da sauri yana kuma ƙarewa da sauri, tsufa ne, rumbun ya ƙanƙance. Amma in ya kumbura, ko ya yi zafi ƙwarai, ko yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, a kashe caji nan da nan, a buɗe taga, a fitar da yara, a kira gwani. In asid ya taɓa jiki ko ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, a tafi asibiti.

Mataccen batir kuma ba abin wasa ba ne. Dalma guba ce. A shekarar 2010 a jihar Zamfara, ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara akalla 400. Dalmar nan ita ce a cikin batir. Kada a fasa shi, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya ko gona, a mayar wa dillali a rage kuɗin sabo.

Asusu

Ko an kula da shi yadda ya kamata, batir yana da iyakar kwana. Ranar da ya mutu ba ranar fara neman kuɗi ba ce, gama ba a fafe gora ranar tafiya. A raba kuɗin batir gida 36, a riƙa ajiye kashi ɗaya kowane wata, da ɗan ƙari saboda tsada. Kuɗin ya fito daga ɗan abin da kowa zai biya in ya sa waya a caji. In ana tsoron darajar naira ta zube, a ware hatsi da kaka da sunan batir, a sayar in ya yi daraja.

Mun san waɗansu za su ce, ashe a harabar majami'a ma sai an biya? Muna girmama wannan tunani. Sai dai kyautar da za ta ƙare cikin shekara guda ta bar kowa a duhu ba ta kai ɗan biyan da zai sa fitila ta daɗe ba. Gwauraye da marasa ƙarfi, ƙungiya tana iya yafe musu a rubuce, a gaban kowa. Amma shugaba da fasto da ma'aji su fara biya, don in babba ya jona fankarsa ba awo, mai kula ba zai iya hana yaro ba. Yusufu a Masar ya tara kashi ɗaya cikin biyar na hatsi tun shekarun ƙoshi, ya kuma sa masu lura da rumbunan. Dabarar ke nan, ba sabuwa ba ce.

Saboda haka muna roƙon kowace ƙungiya, a taronta na gaba, ta sa wannan magana a gaba. Wadda ba ta saya ba tukuna ta zauna da takarda da fensir ta yi lissafi. Wadda ta riga ta saya ta naɗa mai kula, ta sayi mita da littafi, ta buɗe asusu tun batirin yana da rai. Kuɗin nan gumin 'yan'uwa ne, amana ce a hannunmu.

Allah ya ba mu hikima, ya kuma sa albarka ga aikin hannuwanmu. Amin.