Kafin matasan New Bell su zuba jarinsu a allon 4K

Duk wanda ke zagaya unguwar Hausawa ta New Bell da layukan da ke kewaye da Kasuwar Kongo da Babbar Kasuwar Duwala zai lura da yadda kwamfuta ta zama hanyar cin abincin matasanmu. Wani buga takardu yake yi, wani tsara katin biki da hotunan talla, wani haɗa bidiyon aure da suna, wani kuma lissafin kayan maigidansa yake riƙewa, kayan da ake saukewa a tashar jiragen ruwa a ɗora wa manyan motoci zuwa Garwa, Marwa, Njamena da Bangi. Yawancinsu ƙaramar kwamfutar tafi-da-gidanka suke da ita, kuma da zarar aiki ya fara kankama sai ido ya gaji, mutum ya fara neman babban allon da zai jona mata. A nan ne ake yi wa da yawa daga cikinsu sakiyar da ba ruwa, domin kalma ɗaya kawai suka riƙe idan sun shiga shagunan Akwa, wato 4K.

Ra'ayina a kan wannan batu shi ne, mafi yawan masu sana'ar kwamfuta a unguwanninmu ba sa buƙatar wannan allo, kuma kuɗin da suke ƙarawa a kansa akwai inda ya fi dacewa su sa shi.

Bari mu fara da ma'anar lambobin. Hoton da ke kan allo tarin ƙananan ɗigo ne. Allon da ake kira Full HD yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato miliyan 2 da 'yan kai. Na gaba da shi, QHD, yana da 2560 da 1440, kimanin miliyan 3.7. Shi kuwa 4K yana da 3840 da 2160, kimanin miliyan 8.3, ninki huɗu na Full HD ke nan. Mai shago zai tsaya a nan, ya ce maka ninki huɗu. Abin da ba zai ƙara maka ba shi ne, idan aka cusa waɗannan ɗigo a allo mai inci 27, rubutu yakan ƙanƙance har ya gagari karatu, sai an ƙara girmansa da rabi. Da an yi haka kuwa, filin aikin da ya rage maka daidai yake da na QHD. Rubutun zai fi laushi a ido, wannan gaskiya ne, amma layukan lissafin da za ka gani a lokaci guda ba su ƙaru ba.

Sai maganar kwamfutar da za a jona. Akasarin waɗanda ke hannun matasanmu na hannu ne, an yi shekaru ana mora a Turai kafin su iso shagunan gwanjon da ake kira burokant. Tsohuwar kafar HDMI samfurin 1.4 ba ta iya sabunta hoton 4K fiye da sau 30 a daƙiƙa, alhali sau 60 ido ya saba da shi, shi ya sa za ka ga kibiyar linzami tana tafiya tana ɗingishi. Mai kafar VGA kaɗai ma kada ya soma. Mutum ya sayi ingarman doki, ya zo gida ya tarar ba shi da sirdin da zai hau.

Farashin kuma fa? A 2022 kamfanin Apple ya fitar da allonsa Studio Display mai inci 27 a kan dalar Amurka 1,599, abin da ya doshi sefa miliyan ɗaya tun kafin a sa kuɗin jirgi, kuɗin duwan da harajin kashi 19.25 cikin ɗari da ake ɗorawa kan kayan sayarwa a Kamaru. Kafin nan, a 2019, kamfanin ya fitar da wani a kan dala 4,999, ƙafar da ake girke shi a kai kuma dala 999 ita kaɗai. A ƙasar da dokar 2023 ta sa mafi ƙarancin albashin ma'aikacin kamfani, ban da na gona, a kan sefa 60,000 a wata, allon farko ya cinye albashin fiye da shekara guda. Ba wanda ya ce waɗannan kaya ba su da kyau. An ƙera su ne domin masu shirya finafinai da manyan kamfanonin talla, waɗanda aikin mako ɗaya ke mayar musu da kuɗinsu. Illar ita ce sunansu da hotunansu a intanet sun sa yaro mai buga takardar neman aiki yana jin cewa allonsa na Full HD abin kunya ne.

Masu ɗaukar hoto da masu haɗa bidiyo za su ce ai su dole ne. Ina ba su gaskiya rabi. Wanda kyamararsa ke ɗaukar 4K, kuma masu ba shi aiki suna biyan kuɗin 4K, ya saya, jari ne. Amma a tambayi kai, ina bidiyon bikin yake ƙarewa? A wayar amarya da ƙawayenta, ta WhatsApp, wanda ke matse shi kafin ya aika. Mai tsara kati da allon talla kuwa, abin da ke haɗa shi faɗa da mai aiki shi ne launi, a ga shuɗi a kwamfuta a buga ya fito wani abu dabam. Maganin wannan shi ne allo mai nuna launi na gaskiya, irin wanda ake kira IPS, wanda hotonsa ba ya dushewa idan an kalle shi ta gefe. QHD mai launi nagari ya fi masa 4K mai arha wanda launinsa ke ƙarya.

Akwai kuma abin da takardar talla ba ta san da shi ba, wato Duwala kanta. Gari ne mai laima da gumi shekara duka, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya daga Yuni zuwa Oktoba, ga kwatocin New Bell da ke cika su shigo shaguna. Wuta kuma a ɗauke a dawo da ita da ƙarfi ba sallama. Allon miliyan da na jaka hamsin duk dawowar wuta ɗaya ke kashe su. Saboda haka wanda ya kashe duk kuɗinsa a allo, ya rasa na sayen na'urar daidaita wuta da teburi mai tsayi da zai raba kayansa da ƙasa, ya yi gini ne ba tushe.

Shawarata ga mai saye ita ce ya tafi kasuwa da kwamfutarsa da wayar da zai jona, kada ya yi cinikin biri a sama. A kunna a gabansa, ya buɗe farin shafi, sannan baƙi, sannan ja, ya duba ko akwai mataccen ɗigo, tabo ko haske mai tsiyaya ta gefe. Ya karanta lambar samfurin da ke bayan allon ya bincika ta a wayarsa, domin takardar da aka manna a gaba kowa na iya buga ta. Ya karɓi rasit mai ɗauke da kwanakin garanti a rubuce. Mai buga takardu da mai lissafi, Full HD mai inci 24 ya ishe su. Mai zane da mai hoto su nemi QHD mai inci 27. Ragowar kuɗin a ƙara wa kwamfutar ƙwaƙwalwa, a sayi abin kare ta daga wuta.

Su kuma 'yan'uwanmu masu shaguna, da masu zuwa Dubai da Guwanzu sarin kaya, ku ji tsoron Allah. Ɓoye aibin haja haramun ne, kuma sayar wa yaro abin da ka san kwamfutarsa ba za ta ɗauka ba cin amana ne, ko da ya biya da murna. Sau da yawa kuɗin nan na adashin mahaifiyarsa ne, ko na sallamar da maigidansa ya yi masa bayan shekaru yana tsaron shago. Idan ka gaya masa gaskiya ya sayi na daidai da shi, gobe da ya bunƙasa wurinka zai dawo ya sayi babban, ya kuma turo maka abokansa.

Allah Ya sa wa sana'o'inmu albarka, amin.