Raddi Ga Mai Kiran A Shigo Da Sarauniyar Zumar Turai

Wani malamin aikin gona ya yi rubutu yana shawartar masu kiwon zuma na Arewa da su daina jiran ƙudan daji ya shiga amya, su sayo sarauniyar da aka tace irinta a Turai, ta Italiya ko Buckfast. A cewarsa ta fi ba da zuma, ba ta da faɗa, ba ta ƙaura. Niyyar malam kyakkyawa ce, amma hujjojin ba su tsaya da ƙafarsu ba.

Ita Buckfast ɗin, wa ya samar da ita, kuma don wa? Wani Bajamushe mai zuhudu da aka sani da Brother Adam ne, a kudu maso yammacin Ingila. Ya karɓi ragamar amyoyin gidan ibadarsu a 1919, bayan wata annoba ta kusa ƙarar da ƙudan ƙasar, ya kuma kwashe shekaru kusan 70 yana haɗa iri domin samun wanda zai jure sanyi da yawan ruwan yankinsu. Ƙudanmu bai san ƙanƙara ba. Abokan gabansa su ne rani, wutar daji, kwarkwasa da dage.

Batun yawan zuma kuwa, alƙaluman Turai ba na sarauniya kaɗai ba ne. Akwai akwatin zamani a ciki, da ciyar da ruwan sukari, da magani, da jigilar amyoyi zuwa gonakin da ke fure. Ko a Turan ma an gwada. Tsakanin 2009 da 2012 masana sun bi diddigin amya 621 masu iri 16 a ƙasashe 11, suka tarar ƙudan gida ya fi baƙo tsawon rai da kwana 83 a matsakaicin lissafi. Tarihin Birazil ya fi wannan bayyana. Ƙudan Turai ya gaza a zafin ƙasar, shi ya sa wani masani, Warwick Kerr, ya kai musu na Afirka a 1956. Garke 26 suka kuɓuce a 1957, zuriyarsu ta bazu har ta isa Teksas ta Amurka a 1990. An sha harbi, har rayuka sun salwanta, ba a musun wannan. Amma yau yawancin zumar Birazil daga jikokin ƙudan Afirka take fitowa.

Faɗa kam, malam ya yi gaskiya, namu mafaɗaci ne. Sai dai malam ya tsallake abin da duk lissafin ya rataya a kai, wato yadda sarauniya ke barbara. Ba a cikin amya take yi ba. Tana 'yar kwanaki da ƙyanƙyashewa take tashi sama, ta sadu da maza goma zuwa ashirin, ta adana irinsu har ƙarshen rayuwarta. Wadda ka sayo da dala za ta yi shekara biyu ko uku, in ma ma'aikatan amyar sun karɓe ta, domin sau da yawa dunƙule baƙuwa suke yi su kashe. Ranar da ta mutu ko ta fita da garke, 'yarta ce za ta gaje ta. To da mazan wa za ta sadu? Da na kogon kuka da na tsamiyar bayan gari. Kafin a sauya sarauniya sau biyu sanyin halin ya bi ruwa. Jamusawa sun san haka, shi ya sa suke kai sababbin sarauniyoyi tsibirai da kwarurrukan duwatsu inda babu wani namiji sai wanda suka zaɓa. Malam, ina tsibirinmu? Ke nan mai amya goma zai riƙa sayen sarauniya daga waje har abada.

Ƙaura ma ba taurin kai ba ne. Je ka ga yadda ake ɗiban zuma a ƙauyukanmu: da dare, a hau ɗorawa da damin ciyawa yana ci da wuta, a babbake na bakin amya, a yashe saƙa duka har mai ƙwai da tsutsa. Wane ƙuda ne zai zauna? Wanda ya yi amfani da hayaƙi, ya bar saƙar 'ya'ya da ɗan abinci, ya ajiye ruwa kusa a lokacin bazara, ƙaura tana raguwa a wurinsa sosai.

Sannan ga cuta, wadda malam bai ko ambata ba. Akwai wata 'yar kaska, barowa, da ke hallaka amyoyin Turai da Amurka in ba a sa magani ba. Ta shiga Afirka ta Kudu a 1997, cikin 'yan shekaru ƙudan can ya iya da ita ba magani. A ƙasar dai, lokacin da aka kwashi ƙudan yankin Kef zuwa arewacin ƙasar a 1990, dubun-dubatar amyoyi sun mutu. Cikin ƙasa ɗaya ke nan, balle daga wata nahiya.

Ba tace iri muke ƙi ba. A tace namu. Kira nake ga ƙungiyoyin masu kiwon zuma da jami'o'inmu na aikin gona: ku sa wa amyoyi lamba, ku riƙa rubuta wadda ta fi zuma, ta fi haƙuri, ta kuma wuce rani ba ta gudu ba, daga ita a riƙa raba sababbin garke.