Ba Duk Abin Da Ya Tsiro A Kan Reshe Ne Kauci Ba

'Yan uwa, makon jiya wani ɗan ƙungiya ya turo mana hoton tsiron da ya ɓamɓare daga jikin bishiya a gonarsa da ke gindin duwatsun Kagoro. Ya ce kauci ne, ya cire shi kada ya kashe masa bishiya. Da muka duba da kyau, sai muka ga okid ne, dangin furen nan da ake saye da tsada a ƙasashen waje. Ba mu ga laifinsa ba, yawancinmu haka za mu yi. Amma muna ganin lokaci ya yi da za mu koyi bambanta su.

Kauci yana huda reshe ya sha ruwan bishiya, shi ya sa inda ya kama yakan kumbura. Okid kuwa zama kawai yake yi a kan ɓawo, kamar baƙon da ya zo da guzurinsa. Saiwoyinsa masu kauri ne, fari-fari, suna manne a bayan ɓawo ko suna lilo a iska, ruwan sama da raɓa suke sha. In ka jiƙa su, sai su koma kore-kore. Jijiyoyin ganyensa a jere suke tafiya daga gindi zuwa baki, wasu kuma suna da ƙullutu a gindin ganye kamar ƙaramar albasa, inda suke ajiyar ruwa saboda rani.

Furen shi ne babbar shaida. Kunnuwa shida gare shi, ɗaya ya fita daban kamar leɓe, a nan ƙwari ke sauka. Akwai kuma waɗanda a ƙasa suke tsirowa, irin su Eulophia, da ake gani cikin ciyawa a farkon damina.

Me ya sa muke da su? Duwatsunmu na gefen tsaunukan Jos suna tare iskar damina mai zuwa daga kudu maso yamma, ruwa ya yi yawa, har dazuzzukan Kagoro da Nindam suka zama kurmi irin na kudu. Okid na kan bishiya laima da inuwa yake so. Irinsa kamar ƙura yake, ba ya tsirowa sai da taimakon wata irin funfuna, kuma yakan yi shekaru kafin ya yi fure. Mai gawayi kuwa a wuni ɗaya yake kayar da bishiyar da duk abin da ke kanta. Wanda ya ciro shi ya kai tukunya a Kafanchan ma, sau da yawa bushewa yake yi.

Mun san wani zai ce ana fama da tsadar taki, wa ke ta fure? Gaskiya ne. Sai dai inda okid ya daina fitowa, alama ce inuwar kurmin ta ragu, kuma daga wannan kurmin ƙoramun da muke sha suke gangarowa.

Ba mu ce a bar kauci a kan mangwaro ba. Roƙonmu shi ne a duba saiwa kafin a ɗaga adda. Wanda ya ga okid ya bar shi a wurinsa, ya ɗauki hoton fure ta gaba, da ganye, da saiwa, ya rubuta sunan bishiyar da watan da ya gani, ya turo wa sakatare. Za mu tara su, mu kai wa malaman ilimin tsirrai su taya mu gano sunayensu.