RA'AYI: Turmin Gidanku Ma Kayan Kiɗa Ne

'Yan uwana ɗalibai, duk ajin da ka shiga a makarantar nan sai ka samu mai burin zama mawaƙi. Ka tambaye shi me ya hana shi farawa, amsar ɗaya ce: babu kuɗin shiga situdiyo a Kano, babu ubangidan da zai ɗauki nauyi. Ni dai ina ganin wannan uzuri ba ya karɓuwa, kuma ga hujjata.

A jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, kusa da Abalak, akwai wani ƙauyen Buzaye mai suna Illighadad. A nan wasu 'yan mata biyu, Fatou Seidi Ghali da Alamnou Akrouni, suka fara waƙa. Fatou da jitar yayanta ta koya wa kanta kiɗa, a wurin da ake ɗaukar jita a matsayin abin maza. Amma ba su yar da kiɗan iyayensu mata ba, wato tende, wanda turmi ne kawai ake rufe bakinsa da fatar akuya. Sai suka ɗauki waƙoƙin da mata ke rerawa a kan tende suka ɗora su a kan jita. A 2016 wani ƙaramin kamfani na Amurka, Sahel Sounds, ya fitar da faifansu na farko da sunan Les Filles de Illighadad, ma'ana 'yan matan Illighadad. A ƙauyen aka ɗauki sautin, a fili. Daga baya ƙungiyar ta ƙaru, ta yi wasa a Turai da Amurka, kuma har a can da harshensu suke waƙa.

Abin lura shi ne, da sun kwaikwayi mawaƙan birni, da babu wanda zai baro ƙasarsa ya neme su. Abin da ya ja hankalin duniya shi ne abin da babu shi a ko'ina sai a wurinsu. Mu ma muna da misali a gida. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi suna, yana yi wa karen mota da sauran talakawa waƙa.

To mu fa? Daga Bebeji zuwa Kiru, daga Tudun Wada zuwa Doguwa, wane gida ne babu turmi? Iyayenmu mata suna da waƙoƙin daka da lugude, da na niƙa, da na reno. Akwai gaɗa, akwai shantu da kiɗan ƙwarya, akwai waƙoƙin gayya a gona. Amma injin niƙa ya karɓe aikin dutse da turmi, waya kuma ta kwashe 'yan mata daga dandali. Duk tsohuwar da ta rasu, da waƙoƙinta take tafiya. Mu kuwa muna can muna haddace baitocin da aka yi wa 'yan siyasa, waɗanda ake mantawa da su da an gama zaɓe.

Na san wasu malamanmu da iyaye za su ce waƙa tana ɗauke hankalin ɗalibi daga karatu, tana kuma ɓata tarbiyya. Tsoronsu yana da tushe, domin mun ga waɗanda suka bar aji saboda ita. Sai dai ba cewa nake a ajiye littafi ba. Adabin baka yana cikin darasin Hausa da muke rubutawa a jarrabawar WAEC da NECO, don haka wanda ya san waƙoƙin garinsu ya rage wa kansa aiki. Kuma wanda ya koya a gaban kakarsa ya fi kusa da tarbiyya a kan wanda ya koya a TikTok.

Shawarata ita ce, a hutun da ke tafe kowannenmu ya zauna da wata dattijuwa ko dattijo, ya nemi izini, ya rubuto waƙa ɗaya tare da bayanin lokacin da ake yin ta. Mu kawo wa malamin Hausa ya tace, ƙungiyar 'yan jarida kuma ta riƙa liƙa ɗaya a wannan allo duk mako. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.