Filin Ilmin Kwamfuta: Tankaɗe Sunayen Ayyuka Daga Rubutun Manhaja

Duk ma'aikacin da ya gaji manhajar da wani ya rubuta, kafin ya taɓa kome sai ya san ƙananan ayyukan da ke cikinta, watau sassan da aka ba kowannensu suna don a riƙa kiransa. Rubutun kuwa yakan kai layi dubbai, bin sa da ido wahala ce.

Maganin wannan ya daɗe. A shekarar 1973, a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, Ken Thompson ya ƙago grep, wanda ke tsamo duk layin da ya dace da siffar da aka ba shi. Lee McMahon ya biyo baya da sed, mai gyara layi, sa'an nan a 1977 Aho da Weinberger da Kernighan suka fito da awk, mai rarraba layi kalma-kalma.

A harshen Python yawancin ayyuka da kalmar def suke farawa. Sai a umarci grep ya kawo layukan da ke ɗauke da ita, a miƙa wa awk ya ɗauko kalmar da ke biye da ita, sed kuma ya yanke abin da ya fara daga baka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma su ukun nan take za su jero sunayen.

To, sai dai rariya girman tsaki take gani, ba ta san hatsi ba. Haka grep, siffar haruffa kaɗai ya sani, bai san nahawun harshen ba. Idan def ta faɗo cikin bayanin da marubuci ya bari a gefe, zai ƙirga ta. A harsunan C da Java kuwa babu kalmar da ke shelar aiki, kuma akan raba gabatarwarsa gida biyu, suna a wani layi dabam. Wanda ya amince da irin wannan jeri ya shiga sauya sunaye, ya bar ɗaya a baya, manhajar albashi na iya tsayawa ran biya.

Saboda haka grep na leƙen gaggawa ne. In aikin mai nauyi ne, a nemi ctags, wanda Ken Arnold ya fara rubutawa, ko ast na Python, wanda ke karanta nahawun kansa, sa'an nan a gwada jerin biyu a ga inda suka saɓa.